Birane uku a yini guda? Amsa ga yarona

Tambayarka ta iso ni, wai ko za ka iya zagayawa da baƙi biranen sarauta uku na kwarin Katmandu da ke ƙasar Nepal a yini guda, tunda taswirar wayarka ta nuna maka suna kusa da juna. Da ban yi niyyar amsawa ba, domin wanda ya shekara biyu yana riƙe mini jaka ya kamata a ce ya wuce nan, amma ka fama mini wani tsohon miki. Maganar biza da canjin kuɗi da masauki ba zan ɓata tawada a kanta ba, kowane ɗan koyo ya san wannan.

Gaskiya ne kogin Bagmati kaɗai ya raba Katmandu da Patan, Bhaktapur kuma ba ta wuce kilomita goma sha uku gabas ba. Abin da wayar ba ta gaya maka ba shi ne, bayan rasuwar Sarki Yaksha Malla a 1482 kwarin ya rabu masarautu uku, kowane sarki yana gasar gini da ɗan'uwansa, har Prithvi Narayan Shah na Gorkha ya ci su da yaƙi a 1768 da 1769. Wannan gasa ce ta cika kowane dandalin fada da haikalai da sassaƙar katako har ido ya rasa inda zai tsaya. Dandalin suna kiransa Durbar, kalmar da Turawa suka ɗauko daga Indiya suka laƙaba wa hawan dabarmu.

Shekaru kaɗan kafin girgizar ƙasar 2015, wani Alhaji ɗan kasuwa ya zo mini da ayarin mutum takwas, sun gama harkarsu a Indiya suna son leƙa Nepal. Ya ba ni rabin kuɗi kafin alƙalami, ya ce ciko sai mun koma gida, ya kuma kafe cewa yini ɗaya gare shi, dole ya ga biranen duka. Na san ba zai yiwu ba, amma kwaɗayi mabuɗin wahala, na amsa. Kuɗin mota da na ɗan jagoran gari mai lasisi da tikitin shiga kowane dandali, duk daga aljihuna suka fita.

Tun da hantsi a fadar Hanuman Dhoka ta Katmandu aka fara samun tangarɗa. Ya ce sai ya shiga haikalin Taleju, wanda sau ɗaya ake buɗe shi a shekara lokacin bikin Dashain, shi ma mabiya addinin Hindu kaɗai. Muka shiga tsakar gidan Kumari, yarinyar da suke ɗauka abar bauta, muka yi ta jira ta leƙo ta taga. Tana leƙowa Alhaji ya ɗaga kyamara, alhali ɗaukar hotonta haramun ne a wurinsu, aka yi masa ca, ni kuma na tsaya ina ba da haƙuri da ɗan Turancina. A Patan, a ƙofar haikalin zinariya, aka ce ya cire takalmin fata da bel, domin ba a shiga da fata, ya ce shi ba a haifi wanda zai sa ya kwance bel a bainar jama'a ba. Haikalin Krishna, wanda aka gina da dutse zalla a 1637, da gudu muka wuce shi kamar masu bin ɓarawo. Cunkoson motoci ya cinye sauran yinin, muka isa Bhaktapur magariba ta kawo jiki, maginan tukwane sun tattara kayansu, haikalin Nyatapola mai hawa biyar, ginin 1702 da ya tsaya daram a girgizar 1934, inuwarsa kawai muka gani.

Da dare a masauki ya fito da 'yar takarda, ashe duk yini yana lissafi: bai shiga Taleju ba, bai sami hoton yarinya ba, Bhaktapur a duhu ya gan ta, saboda haka ba a cika masa alkawari ba. Ni kuwa ba rubutu, ba shaida. Sau uku ina zuwa shagonsa bayan mun dawo, ya sa a kawo mini lemo, ya ce Allah ya kai mu wani makon. Daga baya na ji yana nuna wa abokansa hotunan tafiyar yana cewa bai taɓa kashe kuɗi wuri mai kyau irin wannan ba.

Don haka kowane birni ka ba shi yininsa, Bhaktapur kuma ka kwana da baƙinka a can su ga dandalin da sassafe. Ka rubuta abin da za a gani da inda ba za a shiga ba, shugaban ayarin ya sa hannu, ka karɓi kuɗin tikiti da na mota kafin jirgi ya tashi. Haikalin Pashupatinath na mabiya Hindu da ke bakin kogin Bagmati musamman ka faɗa musu tun a gida cewa wanda ba Hindu ba daga tsallaken kogi yake kallo, kuma a bakin ruwan ake ƙona gawawwaki, domin cikin mutanenmu akwai wanda ba zai iya cin abinci ba bayan ya gani. Ku 'yan yanzu kun ɗauka sana'ar nan riƙe waya ce da nuna hanya, kuna jin kunyar tambayar babban mutum ya sa hannu a takarda, ba ku jin kunyar dawowa da aljihu wayam. Shi wancan Alhajin har yau idan muka haɗu a ɗaurin aure shi ke fara miƙo mini hannu, yana tambayata yaushe za mu koma.