Amsa ga mai son kai yara kwana a tanti ƙarshen kaka

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi. Ka ce kana son kai yara su kwana a tanti a wurin shaƙatawa na kan tsauni, tunda ƙarshen kaka ne kuma da rana akwai ɗumi. Ɗumin ranar nan shi ya yaudare ni bara.

Da hantsi muka isa, gari garau, har ɗana ya tuɓe rigar sama. Na tambayi mai tsaron ƙofa yadda dare yake a wurin. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce bargo ɗaya ya isa. Wallahi har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci. Kullum a nan yake kwana, ya san raɓa na daskarewa kafin asuba, ga yaro ɗan shekara 7 riƙe da hannuna, amma kuɗin shiga kaɗai ne a gabansa.

Da la'asar aka yi yayyafi, rigar audugar yaron ta jiƙe, ban ɗauke shi komai ba. Duhu ya shigo da wuri, gajimare ya washe, taurari suka fito, ni ina murna. Ashe irin wannan daren ya fi sanyi, don babu abin da zai tare ɗumin ƙasa. Wajen ƙarfe 2 yaron yana makyarkyata, haƙora na haɗuwa. Can sai rawar ta lafa, maganarsa ta fara sarƙewa. Ni na zaci sauƙi ne, uwarsa ce ta ce mu tashi. Na ɗauko waya, sanyi ya cinye batirin. Na saɓa shi a kafaɗa, ina zamewa kan jiƙaƙƙen ganye har mota. A asibiti aka ce mana zafin jikinsa ya yi ƙasa da digiri 35, kuma daina rawar nan alamar haɗari ce. Allah ya kiyaye, ya warware.

Don Allah kada ka dogara da hasashen yanayin cikin gari. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6, ga iska a kai. Auduga ka bar ta a gida, in ta jiƙe ba ta saurin bushewa, ulu ya fi. Ka shimfiɗa abu mai kauri a ƙasa, don ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin mai barci. Kada ka kafa tanti a kwari ko bakin ruwa, can sanyi ke taruwa. Waya kuma a aljihun ciki.

Na ga wani da ya amsa tambayarka ya ce ka kunna gawayi cikin tanti. Kul! Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, a barci take kashe mutum.

Yaran naka shekarunsu nawa? In ƙanana ne, ku je ku wuni, ku sauko kafin magariba.