Taswirar da kuka zana ba takardar mallaka ba ce

Tambaya: Barista, barka da aiki. Bara wata ƙungiya ta zo garinmu ta koya wa matasa ɗaukar wurare da wayar hannu. Muka yi sati uku muna zagaye da dattawa, muka sa gonaki, maƙabarta, kufan tsohon gari da fadama a taswira. Aka buga mana ita, dagaci ya sa hannu. Yanzu mutanen ƙauyen da ke gabas da mu suna noman rani a gefen fadamar, alhali taswira ta nuna tamu ce. Muna so mu kewaye wurin da waya, in sun ƙi mu maka su a kotu. Ai taswirar ta isa hujja ko?

Amsa: Ɗan'uwa, sannunku da ƙoƙari. Sai dai a iya abin da ka faɗa min, kuma ban ga taswirar da idona ba, ban jin ta isa.

Tun 1978, Dokar Amfani da Ƙasa ta sa duk filin da ke cikin jiha a hannun gwamna, ya riƙe shi amana saboda 'yan Najeriya. Abin da ke hannun mutum ko gari shi ne haƙƙin zama da amfani. Sashe na 36 ya bar wa wanda dokar ta tarar yana noma a karkara gonarsa, tamkar ƙaramar hukuma ce ta ba shi. Sashe na 6 kuma ya ba ƙaramar hukuma ikon ba da irin wannan haƙƙi, muddin bai wuce hekta 500 na noma ko 5,000 na kiwo ba. Abin da ya haura, sai da yardar gwamna. Babu inda dokar ta ce gari zai zana iyakarsa da kansa ta zama iyaka. Sa hannun dagaci shaida ce cewa ya gani, ba ta mayar da takarda ta hukuma.

Ka sa kanka a kujerar alƙali. An shimfiɗa masa taswira. Wa ya zana? Masu ƙara. Wa ya nuna iyaka? Dattawan masu ƙara. Waɗanda ake ƙara suna wurin? A wasiƙarka ban ga inda aka gayyace su ba. To lauyansu ba zai ko yi gumi ba. Ga shi kuma ba safiyo, wato ma'aunin fili, mai lasisi ya yi awon ba, wayar hannu kuwa takan kauce da 'yan mitoci, alhali a fadama taku biyar ma kwamin albasa ne. Laifin nan ban ɗora muku shi duka ba; ƙungiyar da ta koya muku aikin ya kamata ta faɗa muku haka kafin ta haɗa kayanta.

Kotun Ƙoli, a shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976, ta bayyana hanyoyi biyar na tabbatar da haƙƙi a kan fili: tarihin gargajiya, takardu, ayyukan mai abu na tsawon lokaci kamar ba da aro ko haya, daɗewa ana riƙe da wurin, da mallakar filin da ke manne da shi. A nan aikinku zai iya amfani. Kufan nan, da maƙabarta, da tsohon da zai ce kakansa ne ya sari dajin daga waccan kuka zuwa bakin rafi, su ne hujja. Taswira kwarya ce kawai da kuka tara su a ciki. Ku rubuta bayanin dattawan nan da sunayensu tun suna raye.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba ka faɗa ba: shekara nawa mutanen nan suka yi suna noma wurin? In maganar ta je gaban alƙalin da ke hukunci da fiƙihun Malikiyya, akwai hauzi. A taƙaice, wanda ba dangi ba ya shekara goma yana aiki a fili, mai shi na gani, ba abin da ya hana shi magana kuma bai yi ba, da'awarsa na iya faɗuwa. Akwai togaciya, musamman in aro ne, ko haya, ko jingina. Saboda haka ku bincika: sukan kawo wa dagacinku ɗan kwandon tumatir ko damin hatsi bayan girbi? In suna kawowa, wannan ya fi taswirarku nauyi. In ba su taɓa ba, ku yi hattara.

Ku kuma duba abin da kuka bari a waje. Duk wurin da ba ku sa ba, gobe ana iya cewa da bakinku kuka yarda ba naku ba ne. Burtali da mashaya fa, suna ciki? In kun shafe su, kun sayi rigima ta biyu da makiyaya.

Batun kewaye wurin da waya, kada ku fara. Cire wa mutum shuka ko tare masa hanya da ƙarfi yana iya juyewa ya zama laifin shiga gona ko ta da hankali, ku da kuka zo neman haƙƙi ku kwana wurin 'yan sanda.

Kotu a buɗe take, matakan kuma sanannu ne: a zaɓi wakilan gari, a ɗauki safiyo, a shigar da ƙara. Amma shari'ar fili da ɗaukaka ƙara takan ci shekaru, kuma nauyin hujja a kanku yake, raunin abokin shari'a ba ya ba ku nasara.

Da ni ne, hakimi zan fara samu, ya kira dagatan biyu. A sake taka iyakar nan tare, dattawanku da nasu, da ardo, da wakilin ƙaramar hukuma. Inda aka yarda a kafa dutse ko a dasa aduruku. Inda ba a yarda ba a yi masa alama daban a taswira, a tattauna ko za su ci gaba da noma bisa aro a rubuce. Daga nan safiyo ya auna, kowa ya sa hannu, a ajiye kwafi a ƙaramar hukuma da fada. In ƙauyen nasu a wata ƙaramar hukuma yake, maganar ta zama ta kwamitin iyakoki na jiha, ba ta hakimi kaɗai ba.

Kafin zaman, ka kai wa lauya na kusa da ku taswirar, tare da amsar tambayar nan ta shekaru.