Sabon wurin ibada a unguwa: ina motocin masu zuwa za su tsaya?

Tambaya: Ana shirin gina sabon wurin ibada a ƙarshen layinmu, kuma takardar neman izinin ginin tana gaban hukumar tsara birane. Kwamitin ginin ya ce wurin zai ɗauki mutum 600, amma a taswirar da aka nuna mana gurbin mota 40 kawai aka ware, alhali faɗin titinmu bai wuce mita 7 ba. Ni da maƙwabtana ba mu da ja da ginin kansa, sai dai muna tsoron ranar babban taro motoci su toshe mana ƙofofi, kuma muna jin nauyin yin magana kada a ce muna adawa da addini. Shin damuwarmu tana da tushe, kuma me ya kamata mu nema?

Amsa: Malam, damuwarku tana da tushe, kuma ana iya tabbatar da hakan da lissafin da bai fi ƙarfin kowa ba. Abin da ya bambanta wurin ibada da kasuwa ko ofis, a wajen mai tsara birane, shi ne yadda jama'a suke zuwansa. Masu zuwa kanti suna warwatsuwa cikin yini, wannan ya shiga wancan ya fita, amma masu ibada suna isowa kusan tare cikin minti ashirin ko talatin, su kuma watse tare, babban taronsu kuwa sau ɗaya ko sau biyu ne a mako. Saboda haka ba a auna irin wannan gini da matsakaicin zirga-zirgar mako. Da sa'ar da ta fi kowace cika ake auna shi, wato sallar Juma'a idan masallaci ne, ko sujadar safiyar Lahadi idan coci ne.

Mu ɗauki alƙaluman da ka kawo. A ce cikin mutum 600 ɗin nan kashi 60 cikin ɗari da mota za su zo, sauran kuma da ƙafa ko babur ko motar haya, sannan a ce kowace mota ta ɗauko mutum uku. Mutum 360 ke nan a cikin mota 120. Idan aka cire gurbi 40 na cikin haraba, mota 80 ne za su nemi wuri a waje, kuma motar da ta tsaya a gefen titi tana cin kimanin mita 6 a tsawo idan aka haɗa da ratar shiga da fita. Wannan ya kama mita 480 na bakin titi, kusan rabin kilomita, tun kafin a cire ƙofofin gidaje da wuraren shan kwana da motocin mazauna layin. Waɗannan kaso misali ne kawai, kuma su ne ainihin abin da ya kamata ku nemi kwamitin ya tabbatar da ƙidaya, domin idan masu ibadar 'yan unguwar ne da za su tako da ƙafa, lissafin zai sauka ƙwarai, idan kuwa daga nesa suke zuwa, kowa da motarsa daga wurin aiki, zai iya ninkawa.

Akwai wani abu da ake yawan tsallakewa, shi ne yadda aka samo adadin 600 ɗin tun farko. A coci ana ƙirga kujeru ko tsawon benci, to amma masallaci ba shi da kujeru, don haka da faɗin daɓe ake ƙiyasta shi, kuma mutum ɗaya a sahu bai cika cin murabba'in mita guda ba. Idan taswirar ta nuna bene ko baranda ko farfajiyar da za a iya shimfiɗa tabarmi, ko ɗakin taro da ajujuwa da za su yi aiki a lokaci guda da babban zauren, ku tambaya ko an sa su cikin ƙidayar. Na sha ganin taswirar da adadin da ke rubuce a kanta na babban zaure ne kaɗai, alhali ginin gaba ɗaya zai ɗauki fiye da haka nesa ba kusa ba.

Batun faɗin titi shi ne mafi nauyi a hujjojinku, kuma da shi nake ba ku shawara ku fara. Motar da aka ajiye tana cin kusan mita 2 a faɗi, saboda haka idan aka jera motoci hagu da dama a titi mai mita 7, abin da zai rage a tsakiya mita 3 ne. Motar kashe gobara kanta tana da faɗin kimanin mita biyu da rabi, ban da madubai, kuma ƙa'idar gini ta Ingila tana neman hanyar da za ta bi ta kai mita 3.7, yayin da ƙa'idar gobara da yawancin jihohin Amurka suke bi take neman ƙafa 20, wato kimanin mita 6. Ma'ana, a daidai sa'ar da ɗaruruwan mutane suke cikin gini guda, hanyar da agaji zai bi ya same su ta ƙuntata. Wannan hujja ce da masu ibadar ma za su karɓa, tun da su ne na farko da abin zai shafa. Haka nan wuraren shan kwana: dokar hanya ta Birtaniya ta ce kada a ajiye mota ƙasa da mita 10 daga mahaɗar hanya, domin motar da ta tsaya a kan kwana tana tare wa direba ganin yaron da zai tsallaka.

Sai dai akwai gaskiyar da dole in faɗa muku, ko da ba za ta yi daɗi ba. A yawancin ƙasashe titin da ke gaban gidanka na jama'a ne, kuma ba ka da ikon hana baƙo tsayawa a bakin katangarka muddin doka ba ta hana tsayawa a wurin ba. Abin da kake da haƙƙi a kansa shi ne shiga da fita daga ƙofarka, da hanyar masu tafiya a ƙasa, da hanyar motar asibiti da ta kashe gobara. Maƙwabtan da suka je gaban hukuma suna cewa ba sa son ganin motocin baƙi a layinsu sukan dawo hannu rabbana, amma waɗanda suka je da ma'aunin titi da lissafin motoci ana sauraronsu.

Game da jin nauyin da ka ambata, hanyar kauce wa zargi ita ce ku nemi a auna wannan gini da ma'aunin da za a auna kowane wurin taro mai girmansa, ko na wane addini ne, ko ma zauren biki ne. Taka-tsantsan ɗin yana da dalili, domin an sha fakewa da batun motoci don hana ginin da ba a so saboda wani dalili daban. A Amurka akwai dokar tarayya ta shekarar 2000 da ta hana ƙananan hukumomi ƙuntata wa wuraren ibada fiye da sauran wuraren taro ko fifita wani addini a kan wani. A garin Bernards da ke jihar New Jersey, ƙa'idar gari ta tanadi gurbin mota ɗaya ga kowace kujera uku a coci, wanda da an bi shi masallacin da aka nemi ginawa gurbi 50 zai samar, amma hukumar ta nemi 107. A ƙarshen 2016 kotun tarayya ta yanke hukuncin cewa hakan wariya ce, kuma a 2017 garin ya amince ya biya dala miliyan 3.25. Idan ƙorafinku ya tsaya a kan mita da mintoci, babu wanda zai iya sa ku cikin wannan sahu.

Ba na ba ku shawarar ku dage sai an gina filin da zai ɗauke dukkan motocin. Gurbin mota ɗaya a fili, idan aka haɗa da hanyar juyawa, yana cin murabba'in mita 25 zuwa 30, don haka mota 120 suna buƙatar aƙalla murabba'in mita 3,000, wato ninki biyar ko fiye na zauren da mutum 600 za su yi sahu a ciki. Fili ne da zai zauna fayau kwana shida a mako, yana tara zafi, yana kuma tura ruwan sama cikin magudanan unguwa, kuma yawan gurbi yakan jawo wanda da zai tako da ƙafa ya ɗauko mota. Irin wannan tunani ne ya sa birane kamar Buffalo a Amurka, tun 2017, suka daina tilasta wa masu gini mafi ƙarancin adadin gurbin mota.

Abin da ya fi aiki shi ne aron fili da kuma tsara lokaci. Makaranta ko ofis da ke kusa sukan zama babu kowa ranar Lahadi, kuma filin coci yakan zama babu kowa da azahar ɗin Juma'a, saboda haka yarjejeniyar amfani da filin juna tana iya ɗauke motoci da dama ba tare da an zuba siminti ko buhu ɗaya ba. Sharaɗinta shi ne filin ya kasance cikin tafiyar minti biyar ko makamancin haka, domin mutumin da ya makara ba zai yi tafiyar minti goma sha biyar ba, a ƙofarka zai tsaya. Raba taro gida biyu ma yana rage cunkoso, amma sai an bar rata mai kyau a tsakani, in ba haka ba masu fita da masu shiga za su haɗu a bakin get, abin ya fi na da muni. A kan wannan sai a ƙara masu kula da motoci daga cikin jama'ar wurin, waɗanda suke sanye da riga mai ɗaukar ido, da hana tsayawa a gefe ɗaya na titin a sa'ar taro, da ware wurin babura da kekuna da wurin sauke tsofaffi da masu lalura a cikin haraba. Manyan ranaku irin su Idi da Kirsimeti da Ista, da kuma jana'iza da ɗaurin aure, suna buƙatar nasu tsari daban, tun da babu filin da ake ginawa don taron da ake yi sau biyu a shekara.

Duk waɗannan ba su da amfani idan a baki suka tsaya, domin kwamitin da ya yi muku alkawari yau ba lallai ne shi ke riƙe da wurin nan da shekara biyar ba. Ku fara zama da kwamitin kafin ku je hukuma, ku kai musu lissafin, sannan ku rubuta wa hukumar cikin wa'adin da ta bayar na jin ra'ayin jama'a, kuna neman ta buƙaci binciken tasirin ginin a kan zirga-zirga, ta kuma mayar da abin da aka amince da shi sharaɗin izinin gini: iyakar adadin mutane a taro guda, rubutacciyar yarjejeniyar aron fili, lambar wayar wanda za a kira idan an tare ƙofa, da sake duba tsarin bayan wata shida ko shekara da buɗewa. Kafin nan, ku fita ku ƙirga motocin da ke tsaye a layinku a daidai sa'ar da za a riƙa taron, mako uku ko huɗu a jere, ku ɗauki hotuna masu kwanan wata, domin bayan an buɗe wurin wannan ƙidayar ce kaɗai za ta nuna abin da ya ƙaru.