Amsa ga ɗana na Kano game da finafinan makaɗa da muke kallo a Damagaram

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗin tambayar da ka yi. Ka ce lokacin da ka zo mana bikin ƙanwarka ka ga samarin unguwarmu ta Zango sun kewaye waya guda suna kallon wani mai rawani yana kaɗa jita, cikin harshen da babu mai jinsa a cikinsu, suna dariya wani lokaci kuma su yi tsit, sai abin ya ɗaure maka kai, har kake so in gaya maka abin da ke jan mu ga irin waɗannan finafinai, in kuma zaɓa maka waɗanda suka cancanci lokacinka. Shekaru sama da talatin ke nan ina koyarwa a wannan gari da kakanka ya shigo da fatauci ya zauna, don haka zan amsa maka da idon mutumin nan.

Wurin da ka gan su shi muke kira fada. Majalisar samari ce ta dare, da tabarma da butar shayi a kan gawayi, kuma kowace tana da sunanta da shugabanta. A nan ake kallo, kuma ba a kallo da baki rufe: wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, yana fassara Faransanci, wani yana kwaikwayon tafiyar jarumin, wani yana gardama a kan ko yatsun mai kiɗan da gaske suke taɓa tsirkiya. Wannan ɗabi'a tana da asali. Damagaram gari ne na wasan kara, inda matasa ke shiga kamannin sarakuna da manyan gwamnati su kwaikwaye su a bainar jama'a, kuma a nan ne Yazi Dogo da abokansa suka yi wasannin kwaikwayon da suka sa dukan Nijar dariya ta rediyo da tele. Ga kuma wasan barkwanci tsakanin ƙabilu da taubasai, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2014 da sunan Nijar. A ɗaya gefen, kunnuwanmu sun tashi da kakaki da algaitar ƙofar Sarkin Damagaram da waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo, sannan zamanin Seyni Kountché ya zo da samariya da gasar matasa, aka shiga gasar kiɗan zamani ta Ɗan Gurmu daga 1987, jita ta sami wurin zama kusa da gurmi da kalangu. Mutanen da suka saba da dariya da kiɗa a fage ɗaya, in suka ga fim ya haɗa su biyun, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani.

Fim ɗin da ka tarar suna kallo shi ne Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda ya fito a 2015. A Agadas aka ɗauke shi, cikin harshen Abzinawa, kuma Mdou Moctar ne jarumin, makaɗin da ke riƙe jita da hagu, wanda tun yana yaro ya haɗa jitarsa ta farko da wayoyin birkin keke. An gina labarin ne a kan Purple Rain, fim ɗin mawaƙin Amurka Prince na 1984, amma an mayar da shi ɗan gida sarai: saurayi ya shigo birni da babur da jita, yana neman suna a cikin makaɗan da suka riga shi, yana neman yarinya, ga abokin hamayya da ya sace masa waƙa ta hanyar ɗauka a waya, ga kuma mahaifi mai riƙon addini wanda ke ganin kiɗan jita hanyar lalacewa ce. Shi nake so ka fara da shi, kuma dalilina shi ne mahaifin nan. Ranar da na fara kallonsa a fadar ƙofar gidanmu, an jingina wayar da gwangwanin sukari, ana ta raha a kan babur ɗin jarumin da yadda yake gyara rawani kafin ya yi wa yarinyar magana. Da aka zo inda uban ya lalata jitar, sai mai zuba shayi ya tsaya da buta a hannu, babu wanda ya ce uffan. A cikinsu akwai wani yaro da na koyar, ɗan gidan malamai, wanda na san yana ajiye jitarsa a shagon wani tela domin kada ta kwana a gidansu. Sunkuyar da kai ya yi har wurin ya wuce.

Wannan shi ne abin da muke nema a fim ɗin makaɗa, ko mun faɗa ko ba mu faɗa ba. Bahaushe, na nan da na wajenku, yana son kiɗa a bikinsa, yana yi wa mawaƙi kari da hannu biyu, amma in ɗansa ya ce zai zama makaɗi sai gida ya rikice, domin an ɗauki kiɗa sana'ar gado ce ta maroƙa, ba ta ɗan kowa ba. Duk fim ɗin da ya taɓa wannan miki, daga kowace ƙasa ya fito, mukan karɓe shi kamar labarin maƙwabci.

Na biyu, wanda ya fi dukansu ban dariya, shi ne La vie est belle na 1987, daga Kinshasa, wanda marigayi Papa Wemba ya fito a ciki. Wani makaɗin ƙauye ne mai suna Kourou ya tafi birni da burin ya shahara, sai ya ƙare a matsayin yaron gidan wani attajiri mai gidan rawa. Uwargidan attajirin ba ta haihu ba, shi kuma yana neman ƙara aure, kuma yarinyar da ya sa wa ido ita ce wadda yaron gidansa yake so. Ka ga ke nan an haɗa kishiya da boka da maigida da bara a tukunya ɗaya, abubuwan da mai kallon finafinan Kano ya sani kamar yunwar cikinsa, sai dai a nan muryar Papa Wemba ce ke ɗauke da labarin. Mu da Faransanci ya zama mana harshen makaranta mun daɗe da sanin kiɗan Kwango, kamar yadda ku ma ya iso muku har marigayi Rabilu Musa ya yi Ibro Awilo. Ina dai ja maka kunne cewa akwai rawa da gidajen shaye-shaye a cikinsa, saboda haka ka kalle shi da sa'o'inka, kada ka kunna shi a gaban iyayenka mata. Papa Wemba kuwa a kan dandamali ya faɗi yana waƙa a Abijan a 2016, kuma tun daga lokacin nake kallon fim ɗin da wani irin nauyi a zuciya.

Daga Kinshasa ɗin dai akwai Benda Bilili! na 2010, wanda labarin gaskiya ne, babu wasan kwaikwayo a ciki. Wasu magidanta ne da shan inna ta nakasa, masu yawo a kekunan guragu, suka kafa ƙungiyar kiɗa suna gwaji a gidan namun dajin birnin, har Allah ya kai su manyan dandamalin Turai. A cikinsu akwai yaro mai suna Roger, wanda kayan kiɗansa gwangwani ne da lanƙwasasshen itace da waya ɗaya tak, irin abin da yaranmu ke haɗawa a lungunan Birni su kira shi gurmi. Idan ka ji abin da yake fitarwa daga wannan waya guda, za ka daina raina abin da ke hannun yaro.

Na Indiya ba sai na koya wa mutumin Kano ba. Disco Dancer na 1982, wanda Mithun Chakraborty ya fito a matsayin yaron titi da ya zama tauraro, iyayenka sun haddace shi tun kafin a haife ka. Wanda zan ƙara maka shi ne Secret Superstar na 2017, labarin yarinya Musulma da mahaifinta ya hana waƙa, take sa niƙabi tana sakin waƙoƙinta a YouTube. Ƴan matan gidanmu sun kalle shi ya fi sau uku, kuma saboda mahaifiyar yarinyar suke komawa gare shi.

Daga Amurka ɗaya kawai zan ambata, School of Rock na 2003, inda Jack Black ya fito a matsayin makaɗin da ƙungiyarsa ta kora, ya yi sojan gona ya shiga makaranta a matsayin malami, ya mayar da ɗalibansa ƙungiyar kiɗa. A matsayina na malami ban yarda da ƙaryar da ya shiga da ita ba, amma na yarda da yadda ya duba kowane yaro ya ba shi aikin da ya dace da shi, har mai kunyar da take ɓoye muryarta ta fito gaba. Mu da fassarar Faransanci muke kallonsa, kai kuma Turancinka zai ishe ka, kuma wannan kam ana iya kallonsa tare da ƙannenka.

Yawancin waɗannan finafinai a katin waya suke yawo a nan, ana tura su daga hannu zuwa hannu, kamar yadda waƙoƙin Mdou Moctar suka fara bazuwa a Sahara tun kafin a san fuskarsa. Idan Allah ya kawo ka da babbar salla ta hanyar Daura da Matamai, ka zo da kati mai sarari, yaran fada za su cika maka shi, ni kuma zan kai ka wurin telan nan ka ji yadda tsohon ɗalibina yake kaɗa jitarsa bayan sallar isha'i. Ka gaishe mini da mahaifinka da dukan mutanen gida.