Hukuncin ƙwayar hana barci ga direban babbar mota

Tambaya: Allah shi gafarta Malam, ni direba ne, ina ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Legas, wani sa'in kwana biyu ban runtsa ba, shi ne nake haɗiyar ƙwayar hana barci. Ba ta sa ni maye, idona ma buɗewa yake yi. Ta halatta?

Amsa: Ɗan'uwa Allah shi yi ma nema albarka. In irin amfetamin ce, wato ƙwaya mai zaburar da ƙwaƙwalwa, ko wagga da yara ke ce ma ais, to haramun ce.

Cikin ƙwaƙwalwa akwai sinadari, dofamin, shi ke sa ka ji daɗi da himmar aiki, kuma kaɗan kaɗan yake fita. Ƙwayar sai ta tatso shi da ƙarfi lokaci guda, tare da noradirenalin mai sa zuciya gudu jini ya hau, shi ya sa kake jin garau, amma gajiyar ba inda ta tafi, bashi ka ci. Ƙwaƙwalwa kuma in abin ya yi mata yawa sai ta rage ƙofofin da ke karɓarsa, ƙwaya guda da ke isarka sai ta koma biyu, uku, ranar da ba ka sha ba tuwo ba daɗi, hira da iyali ba daɗi, sai ƙunci da faɗa. In rashin barci ya haɗu da ita mutum har gane-gane yake, ya ga mutum tsaye bisa titi tsakanin Yawuri da Kontagora alhali ba kowa, ya murɗa sitiyari.

Ka ce ba maye. Maye ba tangaɗi kaɗai ba ne, Sayyidina Umar ya ce giya ita ce abin da ya lulluɓe hankali. Mu ma ƙaddara ba ta kai nan ba, cutarwa ta wadatar, Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, Baƙara aya ta 195 ta hana jefa kai ga halaka, kai kuwa ba ranka kaɗai ke bisa titi ba, ga yaron motarka ga masu ƙananan motoci.

Goro da kofi daban ne, sinadarin kafeyin da ke cikinsu saƙon gajiya yake tarewa na ɗan lokaci hankali na nan, halal ne in ba a wuce kima ba. Maganin da likita ya rubuta ma don ciwo shi ma ba laifi bisa ƙa'ida.

In ka kai Mokwa ka faka ka kwanta, ko ku zama direba biyu. In ka bari ka ji ƙunci ya danne ka, je asibiti, kar ka koma wurin mai tebur. Wallahu a'alamu.