Tabon tiyata da fatar ɗan tayi: ɗinki biyu, hannu ɗaya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ni mazauniyar Jidda ce. Wata 5 ke nan da aka yi mini tiyata aka ciro 'yata ta fari. Ɗinkin ya kama, alhamdulillahi, sai dai wurin ya yi ja, ya taso kamar an shimfiɗa igiya, ga ƙaiƙayi idan dare ya yi. Surukata ta ce laifina ne, na yi ta rufewa ban bar shi ya sha iska ba. Maƙwabciyata kuma ta ce in riƙa goga lemun tsami. Sannan na ji an ce idan aka yanki jariri tun yana ciki, warkewa yake yi ba tabo. Da gaske ne? In haka ne, me ya sa mu namu ba ya ɓacewa?

Wata uwa daga Jidda

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah ya raya mana ita, ya sa mahaddaciya ce.

Kafin komai, ki ajiye lemun tsamin nan, a kai shi kicin. Sabuwar fata ce a wurin, siririya, ba abin da tsami zai yi mata sai ƙuna da ƙarin baƙi. Mama kuwa ki gaishe ta, ki gaya mata cikin ladabi cewa rufewar da kika yi daidai ce. Tun a 1962 wani mai bincike a Ingila, George Winter, ya gwada a fatar alade: raunin da aka rufe ya zauna da danshinsa ya yi sabuwar fata da saurin da ya kusan ninka na wanda aka bari ya bushe. Shekaruna da dama ina wankin ciwo a nan Makka, kuma har yau wannan magana ta “a bar shi ya sha iska” ita ce na fi yin fama da ita, daga Hausawanmu har Larabawa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tela ne a Shara Mansur, a gindin kekensa na tashi. Yakan raba aikinsa gida biyu: akwai ɗinkin sabuwar riga, akwai faci. Alhaji zai shigo da riga a yage, motarsa na jira, ya ce Malam a taimaka. Baba ya ɗora ƙyalle, ya bi da zare layi-layi, ya miƙa masa. Rigar ta rufu, ba ta kuma yagewa a nan, amma kowa ya gani ya san an taɓa wurin. Da na shiga makarantar jinya aka fara koya mana yadda ciwo ke warkewa, shagon Baba na riƙa gani a idona.

Ga abin da ya faru a cikinki tun daga ranar da aka yi yankan. Cikin 'yan mintoci wasu ƙananan ƙwayoyi na cikin jini suka taru suka toshe bakin jijiyoyin da aka yanke, jini ya daskare ya zama kamar raga. Cikin awoyi fararen ƙwayoyin jini suka iso, su ne dakarun jiki, suna kashe duk wata ƙwayar cuta da ta samu shiga. Wannan jan da kumburin da zafin da kika ji a kwanakin farko, ƙurar yaƙinsu ce. Bayan kwana 2 zuwa 3 sai wasu manya daga cikinsu suka karɓi aiki, ana kiransu makrofaj. Waɗannan ina girmama su ƙwarai, domin aiki biyu suke yi. Da farko su share fili, su cinye matattun ƙwayoyi da datti. Sannan su sauya hali gaba ɗaya, su ajiye makami, su fara aika saƙon kiran magina.

Maginan su ne ƙwayoyin da ke saƙa wani zare mai ƙarfi da ake kira kolajin. Tare da su sababbin jijiyoyin jini ƙanana suke tsirowa cikin ramin, shi ya sa idan kika leƙa ciwon da ke cikowa za ki ga nama ja mai gudaji-gudaji kamar cikin rumman. Mu masu wankin ciwo idan muka buɗe bandeji muka ga wannan jan naman, ranmu daɗi yake yi. Daga gefe kuma ƙwayoyin saman fata suna sakin junansu, su baje, su yi ta rarrafe a kan wannan danshin har na dama su haɗu da na hagu. A nan ne maganar surukarki ta karye: idan wurin ya bushe ya yi ɓawo mai tauri, dole sai sun nutsa ƙarƙashinsa suna haƙa hanya, tafiyar ta yi tsawo. Wasu daga cikin masaƙan ma sukan rikiɗa su zama kamar 'yar tsoka, su riƙa jan bakin raunin suna matse shi.

To duk wannan cikin gaggawa ake yinsa, domin fata a buɗe ƙofa ce ga cuta. Saƙar fatar asali kamar ta tabarma ce, zare ya hau, zare ya sauka, ta kowace fuska. Saƙar tabo kuwa layi ɗaya ce, an jera zaren gefe da gefe kamar facin Baba. Shi ya sa tabo ke sheƙi, ba ya tsiro gashi, ba ya gumi. A mako na 3 ƙarfinsa bai wuce kamar kashi 20 cikin 100 na fatar da ba a taɓa ba, kuma ko ya gama nuna ba ya haura kusan kashi 80.

Ke yanzu kina matakin ƙarshe, wanda ya fi kowane tsawo. Jiki na warware zaren gaggawa yana sa mai inganci, yana kuma rufe jijiyoyin da ya buɗe don aikin. Wannan yakan ci shekara guda, wani lokaci har 2. Tabon wata 5 bai gama faɗin abin da zai zama ba.

Yanzu ga maganar jariri, wadda ita ce ta sa na zaɓi wasiƙarki a wannan makon. Gaskiya ne. Ɗan tayin ɗan Adam, kafin ya kai wajen mako 24, idan aka yi masa ƙaramin yanka a fata, takan haɗe ta koma yadda take, da gashinta da saƙarta irin ta tabarma. Bayan wannan lokaci baiwar takan fara gushewa. Likitocin da suka fara yi wa 'yan tayi tiyata, irin su Michael Harrison a San Faransisko ta Amurka tun daga 1981, suna cikin waɗanda suka ja hankalin duniya ga wannan abu.

Da farko an zaci ruwan mahaifa ne sirrin, ga ɗumi ga tsafta. Sai aka gwada a tumaki: aka ɗauki fatar babbar tunkiya aka dasa wa ɗan tayi, aka yanke ta a can cikin mahaifa. Ta warke da tabo, tana tsundum cikin wannan ruwa. Ashe sirrin yana cikin ƙwayoyin fatar ne su kansu. Dakarun ɗan tayi ba su gama ƙosawa ba, saboda haka ba a tayar da ƙurar yaƙi sosai, ba kumburi mai yawa. Namansa cike yake da wani sinadari mai yauƙi da ke riƙe ruwa, wanda ke ba ƙwayoyi damar yawo a sake. Masaƙansa kuma ba faci suka sani ba, har yanzu suna tsakiyar ɗinkin rigar ne.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne wanda Paul Martin da Julian Lewis suka nuna a 1992, a jikin ɗan tsakon da ke cikin ƙwai. Sun ga ƙwayoyin da ke bakin raunin ba rarrafe suke yi irin namu ba. Kowace takan haɗa wani zare a cikinta, ya haɗu da na maƙwabciyarta, har ya zagaye raunin gaba ɗaya, sannan su ja tare, ramin ya tsuke. Zariyar wando ke nan, ƙanwata, ba ƙari ba ragi. Ranar da na karanta wannan sai da na ajiye takardar na yi tasbihi.

Kuma ba don rauni kaɗai ya iya wannan ba. Da irin wannan ja da naɗewa da haɗewa aka gina shi tun farko. Ki ɗauki 'yarki ki dubi wannan ɗan kwarin da ke tsakanin hancinta da leɓenta na sama. Fuskarta daga sassa daban-daban ta taho, suka matso suka haɗe a wannan yanki wajen mako na 6 zuwa 7, ba zare ba allura. Inda haɗewar ba ta cika ba, shi ne ake haihuwar yaro da tsagaggen leɓe, wanda tiyata ke gyarawa sarai. Lakar bayanta da ƙwaƙwalwarta kuwa shimfiɗaɗɗen abu ne da farko, ya naɗe ya zama bututu, ya rufe kafin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar sun yi ɓatan wata ba. Dalilin da ya sa nake naci a kan ƙwayar folik asid ke nan, wato bitamin da ke taimaka wa wannan bututu ya rufe, maikirogiram 400 kullum, tun kafin a ɗauki ciki. Wadda ta jira sai ranar fara awo, bututun ya riga ya rufe ko ya ƙi rufewa.

Masu bincike na nan suna neman yadda za a maido wa babba wannan baiwa. Akwai ma wani ɓera mai gashi kamar ƙaya, wanda a 2012 aka nuna irinsa na Kenya yana maido da fatarsa da gashinta bayan ta saluɓe, kuma danginsa na zaune a duwatsun nan Saudiyya. Amma har yau ba a samu man shafawa ko allurar da ke goge tabo ɗungurungum ba. Duk wanda ya tallata miki irin wannan a WhatsApp, ki riƙe riyal ɗinki.

Abin da za ki yi: ki je saidaliyya, wato kantin magani, ki nemi filastar silikon ta tabo, ko man silikon. Ana manna ta aƙalla awa 12 a rana, a jure wata 2 zuwa 3. Ki riƙa murza wurin a hankali da yatsa da ɗan basilin. Kada bakin siket ko zani ya zauna daidai kansa yana gurza. Ki ci ƙwai, kifi, wake, lemu, domin jiki ba ya iya saƙa kolajin ba tare da furotin da bitamin C ba.

Ki kuma sa ido a kan abu ɗaya. Idan tabon ya tsaya a kan layin yankan, ko ya taso, yawanci yakan kwanta da kansa. Idan kuwa ya fara tsallake iyaka yana cin lafiyayyar fata, wannan shi ne kiloyid, kuma mu baƙaƙen fata ya fi kama mu, yana bin dangi. Kin san irin ƙullutun da ke fitowa wasu a kunne bayan huji, ko a ƙirji. Shi likitan fata ake kai wa, akwai allurar da ake yi a cikinsa. Yanke shi kawai ba tare da wani magani ba, sau da yawa dawowa yake yi ya fi da.

Kada ki manta akwai tabo na biyu da ba kya gani, a jikin mahaifa. Shi ma faci ne, yana bukatar lokaci. Ku zauna da maigida da likitarki a kan tazarar wata 18 zuwa 24 kafin wani cikin.

TAMBAYA

Hajiya, mahaifina ya zo Umra daga gida, yana da ciwon suga. Takalminsa ya ɓace a ƙofar Harami, ya tako zuwa masauki ba takalmi bayan Azahar. Tafin ƙafarsa ya yi bororo ya fashe. Yau kwana 12, bai rufe ba, amma ya ce ba ya jin zafi ko kaɗan. Muna zuba masa garin gahawa. Mu ci gaba?

Wani ɗan'uwa daga Makka

AMSA

Ɗan'uwa, ku daina, kuma yau ɗin nan ku kai Baba asibiti, kada ku ce sai gobe. Rashin jin zafin da ya kwantar muku da hankali shi ne ya tayar da nawa. Suga idan ya daɗe yakan kashe jijiyoyin ji na ƙafa, shi ya sa ya taka kwalta da tsakar rana bai sani ba. Marmarar da ake ɗawafi a kanta ba ta ɗaukar zafi, amma titin waje wuta ne. A Hajjin 2024 zafin garin nan ya haura digiri 50. Duk shekara sai na wanke irin wannan ƙafa, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne, takalmi ya ɓace.

A jikin mai suga, jini ba ya isa ƙafa yadda ya kamata, dakarun jiki sun yi nauyi, waɗancan makrofaj da na ambata a sama kuma sukan maƙale a matakin yaƙi, su kasa kiran magina. Ciwon sai ya tsaya cik, daga nan ya zama gyambo. Garin gahawa ba abin da yake yi sai ɓoye mana launin naman da muke bukatar gani, haka ma toka da man goge baki.

Kafin ku fita, ku wanke da ruwa mai tsafta, ku rufe da bandeji, ku samo masa keken turawa, domin kowane taku yana murƙushe sabon naman da ke ƙoƙarin fitowa. Ku tafi da magungunansa duka, a auna sugansa, a duba ko yana bukatar allurar tetanos. Idan kun ga jan yana hawa sama, ko wari, ko mugunya, ko yatsa ya fara baƙi, ko zazzaɓi ya rufe shi, sashen gaggawa za ku nufa kai tsaye ko da tsakar dare ne. Ɗawafin da ya rage masa ya yi shi a kan keke. Allah ya ba Baba lafiya, ya karɓi ibadarsa.