Tambaya da Amsa: Burtsatsen da muka haƙa a tsibiri ta ba da zartsi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan masarufi a Sagbokoji, tsallaken ruwa daga tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas. Mu Hausawan wurin da 'yan gari muka yi karo-karo muka haƙa burtsatse, sai ruwan ya fito da zartsi, ko wanki ba ya yi. Yanzu kowa ya riƙe aljihunsa, ana ta raɗe-raɗin kwamiti ya ci kuɗi. Mu sake haƙa wata ne, ko mu koma sayen ruwan jarka? Daga mai karatu a Sagbokoji.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ku sake haƙa tukuna. Ƙasar tsibiran nan rairayi ce, ɗan ruwan daɗin da take riƙewa yana kwance ne a kan ruwan gishiri. Da an zarce shi wajen haƙa, ko inji ya matsa da ja, sai zartsi ya hauro. Burtsatsen da za ta wuce wannan sai mai zurfin gaske, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin karo-karon unguwa. Ni da ni ne ku, sama zan duba. Legas ba ta rasa ruwan sama daga Afrilu zuwa Yuli, ya kuma dawo wajen Satumba da Oktoba. Ku sa indararo a rufin masallaci da makaranta, ku jera manyan tankunan roba, a riƙa barin ruwan farko ya wanke kwano ya zube.

Tanki yana da wata fa'idar: ana ɗaga shi. A Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi mutanen Tarkwa Bay, wata unguwar bakin teku a Legas, dubban jama'a suka bar gine-ginensu. Mai zama a bakin ruwan Legas ba da takardar fili ba, ya yi hattara da binne kuɗi a ƙasa.

Zargin cin kuɗi kuwa shi ya fi damuna, ya fi zartsin. A tsibiri kowane buhun siminti sai ya biya kuɗin kwalekwale, ya biya ɗan dako a wannan gaɓa da waccan, kuma tun cire tallafin fetur a 2023 masu jirgi suka ƙara. Wanda bai ga lissafin ba dole ya ce an ci. Ku karanta shi bayan sallar Juma'a, a karanta wa maƙwabtanku a coci, kwabo da kwabo. Ma'aji kuma kada ya zama ɗan'uwan shugaba.

Ku shigar da baale, wato mai unguwa, tun farko, ku bi ta ƙungiyar raya unguwa, wato CDA, mai rajista da ƙaramar hukumar Amuwo-Odofin. Sannan ku yanka ɗan kuɗi a kan kowace jarka saboda gyara, don iskar teku tana cin ƙarfe, famfo da ƙusa ba sa daɗewa a wurinku.